Shawarwarin da muka tattara kan zaɓe da zubar da ciki

Bayan sujada a Agege mun zauna kan maganar, ga abin da na tsinta. Dattawa suka ce kar mu tsaya kan sunan jam'iyya, mu duba aikin ɗan takara, don a 2022 gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idojin zubar da ciki sai da majami'u suka yi magana Gwamna Sanwo-Olu ya dakatar, wa ya ce me lokacin? Dokar Najeriya dama ta hana sai don ceton ran uwa. Wata mama ta ce a tambayi ɗan takarar kuma me zai yi wa asibitocin haihuwa da yarinyar da ta yi ciki aka kore ta gida, wannan ya taɓa ni sosai, Zabura 139, wadda ta ce Allah ne ya siffata mu tun a cikin uwa, ta shafi uwar ma.