Neman shawara: 'yata na son bin zagayen fitilu na jajibirin Martin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan da zuwanmu Bon a Jamus, maigida na karatu. Jiya 'yata mai shekara biyar ta dawo daga makaranta rungume da fitilar takarda da ta haɗa da kanta, yatsunta duk gam. Wai ran 10 ga Nuwamba da magariba za su zaga unguwa suna waƙa, suna bin wani mahayin doki mai jar alkyabba, su ƙare a wurin wata babbar wuta. Da fitilar a gefen filo ta kwana. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, tunda an ce bikin wani waliyyin Kirista ne mai suna Martin. In bar ta ko in hana?

Maman Tagwaye: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Martin sojan Rum ne. An ce a ƙofar garin Amiyan na Faransa ya tarar da mabaraci sanyi na neman kashe shi, ya sa takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya miƙa masa rabi. Daga baya ya zama bishop na garin Tur, ya rasu a 397, aka binne shi 11 ga Nuwamba. Bayan zagayen, yara kan bi gida-gida suna waƙa ana ba su alewa. Ran da na fara gani, wallahi tashen unguwarmu na tuna, har na yi ƙwalla. Ina raka nawa hannu da hannu, amma in an nufi coci sai mu tsaya waje.

Baban Yara: Hajiya, ni ban bar nawa ba, don tushen abin addini ne. Ki shawarci maigida da malamin da kuka amince da shi. In kun hana, don Allah kada a jefar da fitilar, ku kashe wutar falo ta kunna muku abarta.

Yar Wusasa: Ni Kirista ce, amma a gida ban taɓa jin wannan al'ada ba sai a nan. Ki roƙi malamar ta ba ki waƙoƙin a rubuce, wasu kan fitila da taurari ne, wasu na ambaton Martin. Ki riƙa duba alewar da aka ba ta, akwai mai sinadarin alade. Kuma ƙwan batir za ki sa, kyandir na cinye takarda.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Gobe da safe zan karɓo waƙoƙin mu zauna da maigida.