Takardun tambayoyina sun maƙale a kasuwa, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji huɗu a sashen nazarin kasuwanci a wata jami'a nan Katsina. Furojet ɗina a kan amfani da POS ne da cinikin ƙananan 'yan kasuwa tun bayan ƙarancin takardun naira na 2023. Na raba takardun tambayoyi 150 a Babbar Kasuwa, 41 kaɗai suka dawo, wasu ma rabi aka cike. Malamin da ke duba aikin kuma ya ce daga ina na samo 150 ɗin, na rasa amsa. Saura mako shida. Don Allah ina mafita?

Malamin ƙididdiga: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da tambayar malaminka, don ba a zaɓen adadi da ka. Sai ka san yawan shagunan tukuna: ka nemi rajistar ƙungiyar 'yan kasuwa, ko ka bi layi-layi ka ƙirga. Daga nan ka ɗauki lissafin Taro Yamane na 1967, wanda ke fitar da adadin mutanen da za ka tambaya. A ce shaguna 1,200 ne, kuskuren da ka amince da shi kashi 5 cikin ɗari. Ka ninka 1,200 da 0.0025 (wato kuskuren 0.05 sau 0.05), ka samu 3, ka ƙara 1 ya zama 4, ka raba 1,200 da 4. Mutum 300 ke nan. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 zai ba ka 291, kusan ɗaya ne. Wajen zaɓe kuma kada ka bi masu sakin fuska kawai. Ka shiga kowane shago na huɗu. Wanda ya ƙi, ka rubuta ya ƙi, ka shiga na kusa da shi.

Mai aikin tattara bayanai: Barin takardar da ka yi a shago shi ya kashe aikin. Ɗan kasuwa in ya ga takardar Turanci tana tambayar ribarsa, masu haraji yake tunawa. Ka karɓo wasiƙar gabatarwa daga sashenku, ka kai wa shugabannin kasuwa, su haɗa ka da wanda zai zaga da kai ranar farko. Ka mayar da tambayoyin Hausa, sannan wani daban ya sake mayar da su Turanci ba tare da ya ga na asali ba. Inda suka saɓa, nan gyara yake. Kai za ka karanta, kai za ka cike, a zaune a gaban mai shago, kada ya wuce minti 15. Ka faɗa masa ba a rubuta suna, kuma yana da ikon ƙi. Kada ka ce "nawa kake samu?" Ba shi rukuni ya zaɓa: ƙasa da dubu 20 a rana, 20 zuwa 50, sama da haka. Wannan tambayar ta zo a ƙarshe, bayan ya sake da kai. In ciniki ya zo, ka yi shiru har a gama. Manhajar cike tambayoyi ta KoboToolbox na aiki a waya ko babu intanet, ya hutar da kai kwafa.

Wata malama: Duk daidai ne, amma 300 a mako shida da rubutun babi na huɗu da na biyar, ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ka nemi iznin malaminka ka taƙaita ga masu kayan masarufi. In su 400 ne, lissafin zai ba ka 200. In ka samu abokai biyu, ku uku, kowa 8 a rana, kwana 9 kun gama. Kafin nan ka gwada da mutum 30 a wata kasuwa, ka duba Cronbach alfa (ma'aunin yadda amsoshin tambayoyin suka dace da juna) a manhajar ƙididdiga ta SPSS, ana so ya kai 0.7. In ya faɗi ƙasa, duba tambayoyin da aka juya ma'anarsu, sau da yawa an manta juya makinsu ne. Sannan a rahotonka ka rubuta "alaƙa", kada ka ce POS ne ya ƙara ciniki, don mai babban ciniki shi ya fi saurin sayen na'urar tun farko. Ina roƙonka kada ka cike ragowar takardun da amsoshin ƙirƙira, ɗana. Amsoshin ƙirƙira suna kama da juna, masu jarrabawa na ganewa.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. To 41 ɗin nan fa, in haɗa su da sababbi?

Malamin ƙididdiga: A'a, tambayoyin da kuma hanyar zaɓen duk sun canza. Ka duba su ka ga waɗanne tambayoyi aka fi tsallakewa, ka gyara su kafin gwajin mutum 30 ɗin.