Tayar bayan Boxer ɗina tana gugar madigadi in na yi lodi, a ba ni shawara

Mai Riɗi daga Taura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da kaka. Shawara nake nema a kan babur ɗina, Boxer ne ɗan 100. Da shi nake kai riɗi da zoɓo kasuwar Gujungu ranar Lahadi, wani lokaci in leƙa Maigatari ranar Alhamis. Hanyar garinmu yashi ce zalla kafin a hau kwalta, shi ya sa da ruwa ya ɗauke na yi masa gyare-gyare. Na cire tayar baya ta asali mai lamba 3.00-17, na sa babba mai manyan haƙora, 110/90-17, a kan wilin nan dai na da. Na canza shokozoba zuwa gajeru don ƙafata ta riƙa kai ƙasa sosai a cikin yashi, ni ba dogo ba ne. Sannan mai walda ya faɗaɗa min kariya, ya ɗaure ta da noti ta cikin madigadi.

In ni kaɗai ne a kai, lafiya lau. Amma da na ɗora buhu biyu, ko na yi goyo, da an faɗa rami sai ka ji "ƙuuu" ta baya, har ƙaurin roba yana tashi. Yanzu wani layi ya fito a tsakiyar tayar kamar an ja shi da wuƙa, wayar danja ta tsinke, kuma gefen hagu yana lasar gidan cen. Wani bakanike ya ce a yanke madigadin, a cire gidan cen, a ƙara washa a gefe ɗaya don tayar ta matsa dama. Zuciyata ba ta kwanta ba. Masana, me kuka gani?

Ɗan Acaɓan Ringim:
Wa alaikumus salam. Oga ka rage wa mashin tsawo, ka ƙara masa taya, ka ƙara masa kaya, ina kake so tayar ta shiga? Ni dai nawa na yanke madigadin tun bara, shiru kake ji.

Baba Bakanike, Haɗeja:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka bari a taɓa zarto ko injin yanka tukuna. Guga wuri uku take faruwa a tayar baya: ta sama, ta gefe, da ta gaba inda tayar ke fuskantar ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da ita. Kowanne dalilinsa daban, maganinsa daban, kuma daga bayaninka ina zargin duka ukun sun haɗu a kanka.

Fara da lambar. 3.00-17 tana nufin faɗin inci 3 a kan wili mai inci 17. Ita kuwa 110/90-17, faɗinta milimita 110 ne, tsayinta daga bakin wili kashi 90 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 99. Taka ta da faɗinta da tsayinta ba su wuce milimita 80 ko kusa da haka ba. Ka ga ke nan sabuwar ta ɗara tsohuwar tsawo da wajen santimita 2, ta kuma fito da kusan santimita ɗaya da rabi ta kowane gefe. Mutane faɗin kawai suke kallo, su manta tana ƙara tsawo. Sai kuma ka kawo gajeren shokozoba ya sauko da madigadin ya tarye ta.

Ga abin da za ka yi yau. Samu alli na makaranta ka goge tayar da shi, sama da gefe biyu. Ɗora lodin da ka saba, ka zauna, wani ƙato ya danna kariyar da ƙarfi sau da yawa kana turawa a hankali. Ka sauka ka leƙa da tocila, duk inda alli ya manne nan ne. In kana son ka ga ƙarshen abin, kafe shi a babban jak, kwance shokozoba biyun, ka ɗaga tayar da hannu har ta daki wani abu, ka ga me ta fara daka. Sannan ka auna tsohon shokozoban da sabon daga ido zuwa ido, ka zo mana da bambancin.

Mai Riɗi daga Taura:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Bari in dawo daga gona in gwada.

Mai Ɗaurin Wili, Gumel:
Kafin ka dawo, Malam, duba jikin wilin kusa da bawul, akwai lamba a buge, irin 1.60x17 ko 1.85x17. Wannan shi ne faɗin wilin. Taya 110 tana son wili mai faɗin 2.15 zuwa sama, 2.50 ya fi mata daɗi. In ka cusa ta a siririn wili, bakinta yana matsewa ciki, tsakiyarta ta yi tsini ta ƙara tashi sama, gefenta ya yi tumbi. Abin takaicin, ita fa don yashi ka saye ta, to a haka abin da ke taka ƙasa bai fi na tsohuwar ba da wani abin kirki. Kuɗi ya tafi, faɗin bai samu ba.

Kuma ka juya tayar a kan jak ka riƙe tsinke kusa da gefenta. In tana zuwa tana komawa, ko dai wilin ya karkace saboda sifok sun saki, ko mai faci bai zaunar da bakin tayar daidai ba. Akwai siririn layi a gefen taya da ya kamata ya bi bakin wili daidai ko'ina. In ya nutse a wani wuri, a sace iskar, a shafa ruwan sabulu, a sake bugawa. Gugar da ke zuwa sau ɗaya a kowane juyi, "shap, shap, shap", yawanci nan take.

Maman Yara, Kazaure:
Ni ban san gyaran babur ba, amma don Allah Malam kada ka yarda a cire gidan cen. Mu da ake goyawa mu muka san abin. Zani ko hijabi in ya shiga cen ba ya tsayawa sai ya fizgo mutum ƙasa. Na taɓa ganin wadda aka kai asibiti a kan haka, da jariri a bayanta. Duk mashin ɗin da na ga cen ɗinsa tsirara ba na hawa, ko da zan kwana a tasha.

Ɗan Acaɓan Ringim:
Hajiya gaskiyarki a kan gidan cen. Amma madigadi fa ba ya kama zanin kowa.

Baba Bakanike, Haɗeja:
Ƙanena na Ringim, kai fasinja kake ɗauka a kwalta, shi buhu yake ɗauka a gargada. Kuma madigadi ba shi ne ƙarshe ba, shi ne mai ƙara. Bayansa akwai ƙarfen firam da ya gitta ƙarƙashin sit, akwai notin kariya. In an yanke shi ƙarar za ta ragu, tayar kuma ta ci gaba da hawa har ta samu abin da ba ya lanƙwasa. Taya ta daki ƙarfe da lodi a kan gudu, tsayawa take yi cak na ɗan lokaci, baya ya wulla. Balle damina ta dawo, laka ta cika cen da boris da bayan wanda ka goya.

Mai Riɗi daga Taura:
Baba na gwada. Allin ya fito wuri uku kamar yadda ka faɗa. Na sama, tsinin noti biyu na kariya ne suka leƙo ta cikin madigadi, ɗaya har ya yi ƙyalli, daidai layin da ke jikin tayar. Nan ma wayar danja ta bi. Na gefe, gidan cen ne ta hagu, ta dama kuwa yatsana yana shiga tsakanin taya da sandar birki. Ta gaba haƙoran tayar sun kusa taɓa ƙarfen, ko kwalin ashana ba zai shiga ba. Sabon shokozoba ya gaza tsohon da santimita 2 da rabi. Wilin kuma 1.60 aka rubuta, Malam na Gumel. Na manta ban faɗa ba, cen ɗin ma sabo ne, tare da tayar aka sa.

Baba Bakanike, Haɗeja:
To alhamdulillahi, yanzu ana magana. Haɗa lissafin da kanka: taya ta tashi da santimita 2 ko fiye tunda wilin ya matse ta, shokozoba ya sauko da 2 da rabi, noti ya leƙo. Kusan santimita 5 ka cinye daga filin da aka bar wa tayar ta yi wasa.

Notin nan shi ne maƙiyinka na farko, yau ɗin nan a juya shi: kan ya koma ciki, tsinin ya fito waje, kuma a nemi mai lafaffen kai. Wayar danja a bi da ita ta gefen firam a ɗaure.

Shokozoba ka mayar da mai tsawon na asali, in da hali mai kaurin sifirin tunda kai ɗan lodi ne. Wasu za su ce maka ka murɗa ajastan sifirin zuwa matakin ƙarshe ya isa. Wannan yana rage yadda mashin ke zaunawa in an ɗora kaya, amma bai canza inda shokozoba ke ƙarewa ba. Ranar da ka faɗa babban rami zai nutse har ƙarshe, kuma in tayar tana kaiwa ƙarfe kafin shi ya ƙare, za ta kai. Kada kuma a zuga ka ka sa wanda ya fi na asali tsawo sosai, cen zai riƙa ɗaurewa yana saki fiye da ƙima, babban jak ma ya daina ɗaga tayar. Maganar ƙafarka kuwa, kai sit ɗin wurin mai kushin ya rage soson. Tsawon da kake nema za ka samu ba tare da ka taɓa ƙasan mashin ba.

Gugar ta gaba kuwa, sabon cen ne ya jawo ta. Cen in sabo ne gajere yake, dole wilin ya matso gaba. Cen mai lamba 428 kowace gaɓa rabin inci ce, milimita 12.7. In an ƙara gaɓa biyu wilin yana ja baya da kusan rabin inci. Amma duba ramin ajastan cen tukuna, in babu sauran wuri a baya kada a ƙara. A bar wa cen sakin santimita 2 da rabi zuwa 3 a tsakiya.

Na gefen ne nake so ka natsu. Ka ce hagu na guga, dama yatsa na shiga. Kafin a zargi faɗin taya, a duba ko wilin a miƙe yake. Ajasta biyun nan, dama da hagu, dole su tsaya a zane ɗaya. Yara masu gaggawa gefen cen kawai suke ja, tayar ta karkace. Ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba ta gefe biyu za ka gani. Kama tayar kuma ka girgiza ta gefe da gefe, in tana motsi, boris ne ko bushin ƙarfen da ke riƙe da ita ya cinye.

Washa kuwa, a'a. In ka tura wilin dama, farantin cen na baya ya bar layin na gaba, cen ya riƙa ci ta gefe har wata rana ya sauka. Farantin birki ma ya bar mazauninsa, notin aksil ya rasa zaren da zai kama.

Mai Ɗaurin Wili, Gumel:
Ana iya ɗan ja wili gefe ta hanyar sifok, milimita biyu ko uku, ba tare da an taɓa layin cen ba. Ina yi. Amma a kan 1.60 da taya 110 ba zan karɓi kuɗinka ba, Malam, don ba zai warke ba. Ko dai a ɗaura maka faffaɗan wili a kan hob ɗinka, shi kuma zai ƙara buɗe tayar ta ƙara matsar gidan cen, ko ka sauko da tayar. Ni ta biyun zan ce.

Malamin Makaranta, Babura:
Ƙarin bayani kaɗan. Da lissafin Baba, zagayen sabuwar tayar ya fi na tsohuwar da wajen kashi 6 cikin ɗari. Wato kamar ka ƙara wa kowace giya tsawo ne. Inji ɗan 100 da buhu biyu a yashi, ƙarfin ja zai ragu, kulocin ne zai biya. Malam Mai Riɗi, ba ka lura kana yawan komawa giya ɗaya ba?

Mai Riɗi daga Taura:
Wallahi haka ne Malam, na ɗauka filogi ne. To Baba, in na koma 3.00 ɗin, yashin fa? Kuma ba ta ɗaukar kaya kamar babbar.

Baba Bakanike, Haɗeja:
Ɗaukar kaya ba a girma kaɗai yake ba, a rubuce yake a gefen taya. Nemi 3.00-17 mai haƙora wadda aka rubuta 6PR, wato alamar ƙwarin taya, in ka ga 50P to 50 ɗin nan kilo 190 ne a kan tayar ita kaɗai, da cikakkiyar iska. Ka tuna nauyinka da na mashin suna ciki, buhu ba shi kaɗai ba ne. In ka matsu sai ka ƙara faɗi, 3.25 ita ce iyakar abin da zan yarda da shi, ita ma sai an sake gwajin alli, a ga yatsa yana shiga ta kowane gefe, don taya tana ɗan kumbura in ta yi zafi. Yashi kuma hannu ne da giya biyu, kada ka saki mai a tsakiya. Rage iska yana taimakawa in ba kaya, amma da lodi tib zai tsage a gindin bawul.

Ɗan Acaɓan Ringim:
To Oga in ka cire 110 ɗin ina so, akwai abokina mai faffaɗan wili. A yi mana farashin 'yan'uwa.

Mai Riɗi daga Taura:
Mu haɗu a Gujungu ranar Lahadi. An juya notin, an mayar da tsohon shokozoba, ƙarar sama ta ɗauke ko da buhu biyu. Ajastan hagu ya fi na dama ja da zane guda, an daidaita, amma har yanzu tana ɗan lasar gidan cen, don haka tayar za ta sauka. Sit ɗin yana wurin mai kushin. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Baba Bakanike, Haɗeja:
Amin. Kafin ku yi ciniki ku buɗe layin da notin ya ja da farce, ku leƙa cikinta ma bayan an cire. In zare ya fito ko da wuri ɗaya ne, ba ta sayarwa ba ce, a ba masu takalmi.