"Ruwa ba ya tsami banza": ta dace da rigimar fasa dutse don haƙo gas?

Malam Sanusi: Assalamu alaikum. Karin maganar wannan makon ita ce "ruwa ba ya tsami banza", ga kuma abin da ya sa na ɗauko ta. A Amurka akwai wata hanyar haƙo gas da mai da suke kira firakin. Sai su haƙa rijiya mai zurfin kilomita biyu ko fiye, su karkatar da ita ta tafi a kwance cikin dutse, sannan su banka ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfin tsiya har dutsen ya tsattsage, gas ya samu hanya. A wani ƙauye mai suna Dimock a jihar Pennsylvania, bayan kamfanin Cabot ya fara wannan aiki, iskar metan, wato gas mai kama wuta, ta cika rijiyoyin ruwan mutane, har wata rijiya ta yi bindiga ranar 1 ga Janairu 2009. Na ce ai ruwa ba ya tsami banza. Wani abokina ya ce na ajiye karin maganar inda ba wurinta ba. Ga fili ga mai doki.

Hajiya Bilki: Wa alaikumus salam. Malam, abokinka bai yi ƙarya ba. Ana faɗarta ne idan hali ya sauya ba a ga dalili ba. Maƙwabcin da bai taɓa gaishe ka ba ya fara zarya gidanka da ƙullin goro, sai tsohuwa ta kalle shi ta ce ruwa ba ya tsami banza, ashe 'yarka yake so wa ɗansa. Daɗinta shi ne ka ambaci ruwa alhali mutum kake nufi. In ka faɗe ta a kan ruwan rijiya na gaske, ai ta tashi daga karin magana ta koma rahoton malamin tsafta.

Malam Sanusi: Hajiya, ni kuma a ganina ba laifi karin magana ta koma gidan ubanta wata rana. Wanda ya fara faɗarta ruwa ya ɗanɗana a randa ya ji ya sauya.

Injiniya Auwal: Baba Malam, ni ba wurin da aka ajiye ta ne ya dame ni ba, nauyin da ake ɗora mata ne. Karin maganar cewa ta yi akwai dalili. Ba ta faɗi sunan mai laifi ba. A wancan yankin akwai rijiyoyin da ke da metan tun kafin a kawo injin haƙa, kuma da wannan hujjar kamfanin ya daɗe yana kare kansa. Sai da hukumar muhalli ta jihar ta bincika ta gano cewa rijiyoyin gas ɗin ne ba a yi musu ginin kirki ba, gas yana bin gefen bututu yana hawowa cikin ruwan sha. Wato matsalar tana sama-sama, wajen siminti da bututu, nesa da inda ake fasa dutsen. Shari'a ta ja har 2022, lokacin da kamfanin, wanda ya koma Coterra, ya ƙi musanta tuhumar, ya amince ya biya kimanin dala miliyan 16 a ja wa mutanen ruwan famfo.

Oklahoma ma haka. Kafin 2009 girgizar ƙasa mai maki 3 ko fiye a ma'aunin ƙarfin girgiza ba ta wuce ɗaya ko biyu a shekara. A 2015 an ƙirga kusan 900. A Satumba 2016 aka yi mai maki 5.8 a Pawnee. Kowa ya ce firakin ne. Da masana suka duba, mafi yawanta daga ruwan gishirin da ke fitowa tare da mai ne, wanda ake mayarwa can ƙarƙashin ƙasa ta wasu rijiyoyi na daban. Da hukuma ta sa aka rage zuba shi, girgizar ta ragu. Ruwan bai yi tsami banza ba, amma wanda ya yi saurin nuna yatsa ya nuna gefe.

Mamman Damagaram: Injiniya, wannan rarrabewar ta ku ce ta masu zane a takarda. Matar da ta buɗe famfo ta ga ruwa yana tafasa da kumfa, ina ruwanta da siminti ne ko fasa dutse? Kamfani ɗaya ne, aiki ɗaya ne. Mutanen In Salah a saharar Aljeriya ba su jira rahoto ba. A farkon 2015 suka fito suka zauna a filin gari watanni, mata da maza, suna adawa da wannan haƙon gas a yankinsu, saboda duk rayuwarsu da dabinonsu a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa take, ruwan da in ya ɓaci babu damina da za ta wanke shi. Ni karin maganar da na ga ta dace ita ce "da muguwar rawa gara ƙin tashi". Faransa ta yi doka a 2011 ta haramta abin gaba ɗaya, wani kamfanin Amurka ya kai ƙara, kotun tsarin mulki ta tabbatar da dokar a 2013.

Hajiya Bilki: Mamman ƙanena, wannan ma sai an duba. Wanda ya ƙi tashi, zama yake yi ya haƙura da rawar. Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, Faransa da Jamus jiragen ruwa suke tarba cike da gas ɗin Amurka, mafi yawansa kuwa da wannan hanyar aka haƙo shi. Jihar New York ta hana a ƙarshen 2014, amma gas ɗin maƙwabciyarta Pennsylvania yana cikin abin da take girki da shi. Wannan ba ƙin tashi ba ne. Abin da ya fi kama da shi shi ne "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi".

Injiniya Auwal: Hajiya, kura mun gane ta, mutanen ƙauyen ne. Amma gardi kamfani ne, shi ke karɓa. Faransa biya take yi.

Hajiya Bilki: To ita ce 'yar kallon da ke jefa kuɗi a faifai tana cewa wayyo kura.

Anti Zulai: Ku bari in ba ku na Ingila, don nan ne siyasar ta fito tsirara. Kamfanin Cuadrilla ya yi aikin firakin a Lancashire, kusa da garin Blackpool. A Agusta 2019 ƙasa ta girgiza da maki 2.9, gidaje suka ji. Injiniya, wannan kam fasa dutsen ne da kansa, ba ruwan gishiri ba. A Nuwamba gwamnatin Boris Johnson ta dakatar da aikin, zaɓe kuma yana watan Disamba, ku lissafa da kanku. A Satumba 2022 kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, sabuwar firaminista Liz Truss ta ɗage dakatarwar. Ranar 19 ga Oktoba 'yan adawa na Labour suka kawo batun majalisa, jam'iyya mai mulki ta tilasta wa 'ya'yanta su bi layi, har waɗanda mazaɓunsu ba sa son abin, aka yi hargitsi a zauren ƙuri'a. Gwamnati ta ci ƙuri'ar, washegari Truss ta yi murabus. Kasafin kuɗinta ne ya riga ya karya ta, wannan daren ƙarasa ta ya yi. Magajinta Rishi Sunak yana hawa ya mayar da dakatarwar. Dutsen Lancashire bai sauya ba a cikin watanni biyun nan.

Malam Sanusi: Ashe Hajiya ta samu abin da take so. Ga hali ya sauya, ga dalili a ɓoye. A nan kam ruwa ba ya tsami banza ta zauna daram.

Hajiya Bilki: Yanzu ka ajiye ta a wurinta, Malam. Ƙara da Kamala Harris. A 2019 ta ce tana goyon bayan haramta firakin, a 2024 tana takarar shugaban Amurka ta ce ba za ta haramta ba. Pennsylvania tana da ƙuri'u 19 a zaɓen shugaban ƙasa, kuma dubban mutane a can da gas suke cin abinci. Amma ban yarda a kira wannan munafunci kai tsaye ba. Manomin da kamfani ke biya kuɗin hayar gonarsa shi ma ɗan ƙauyen ne, rijiyarsa da ta maƙwabcinsa ruwa ɗaya suke sha, kuma yana da ƙuri'a.

Mamman Damagaram: Na karɓi gyaran Hajiya a kan ƙin tashi, amma da saura. Anti Zulai, ta Ingila dakatarwa ce, minista yana iya ɗage ta da sanarwa. Ta Faransa doka ce, ta wuce shugaba Sarkozy, ta wuce Hollande, tana nan a zamanin Macron. Abin da ya ba su wannan ƙarfin halin shi ne kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinsu daga nukiliya yake, ba su matsu da gas kamar Ingila ba. Wani ɓangare na yuraniyom ɗin da suka yi shekaru suna ƙonawa a tashoshin nukiliyar kuwa daga Arlit da Akokan aka haƙo shi, nan arewacin Agadas. An rufe mahaƙar kamfanin Cominak da ke Akokan a 2021, tulin dattin yana nan a bayan gari. Hajiya, in za ki ƙirga kuraye, ki sa da wannan.