An samu HPV a gwajin mamana, shekararta 57, in kai ta dubawa ta biyu ko in bari?

Autar Mama: Salam ƴan uwa. Mamana ce aka yi wa gwajin bakin mahaifa aka ce an ga ƙwayar HPV, wadda ke iya kawo sankarar bakin mahaifa, wai ta dawo a sake duba ta da kyau. Babanmu shekara 9 da rasuwa kuma bata sake aure ba, tunda ta ji ta saduwa ake ɗauka ta daina cin abincin kirki, tace ba inda zata koma. Ba abinda ke mata ciwo. In matsa mata ne ko in ƙyale ta?

Ummu Yara: Ki kai ta a mata allurar rigakafi kawai.

Anti Nas: Rigakafin nan an fi yin shi ne don ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma baya kashe ƙwayar da ta riga ta shiga. Auta ki faɗa wa Mama ƙwayar tana iya kwanciya a jiki shekara da shekaru shiru, sai girma ya zo garkuwar jiki ta yi rauni ta sake bayyana, ba shaidar ta yi wani abu bane. Ki tambaya wane nau'i ne, 16 da 18 su ke kawo kusan kashi 70 na sankarar bakin mahaifa.

Mai Haƙuri: Wallahi karki bari. Yayata haihuwarta 10, al'ada ta ɗauke mata shekara huɗu sai jini ya dawo, tana murna wai ƙuruciya ce ta dawo, ni nake wanke mata zannuwa ina ganin wani ruwa mai wari amma kunya ta hana mu magana, mijin kuma cewa yake tsufa ne. Da muka je likita yace sankara ce, ta riga ta bazu. Wata bakwai ta yi.

Ummu Yara: Allah ya jiƙanta. Ni dai an ce min duk shekara 3 ake gwajin.

Hajiya Babba: A'a, shekara 5 aka ce min, kuma wai in kin wuce 50 shikenan.

Anti Nas: Hajiya sai in an yi miki sau biyu a jere ba a ga komai ba. Ita Mama an gani.

Hajiya Babba: Kowa ya zama likita yanzu. Na haifi takwas lafiyata ƙalau.

Mai Haƙuri: Yawan haihuwar ma yana cikin abinda ke ƙara haɗarin, haka likitan yayata yace, da sigari da HIV.

Amarya Sabuwa: Ni ƙarfen nan da suke sawa a gaban mace lokacin gwajin ne matsalata, a firji suke ajiye shi ne? 😂

Ummu Yara: Sanyin ma da sauƙi. Ni namiji na tarar a ɗakin, ga ɗalibai uku a tsaye ba wanda ya nemi izinina, na ɗaura zanina na fito, har yau ban koma ba.

Autar Mama: To ni dai in roƙa mace ta duba ta zasu yarda? Ƙila da haka ta amince.

Hajiya Babba: Mazan fa, su waye yake gwada su?