Wai me ya sa gwamnatoci ke farautar masu kare sirrin mutane a intanet?

Ɗan_Kurna: Salam jama'a, don Allah ku fahimtar da ni. Na ga ana ta labarin wani Ahmed Mansoor, mai fafutukar kare haƙƙin ɗan'adam na Daular Larabawa, wai shi ne ya tona manhajar leƙen asiri amma kuma shi ke gidan yari. To laifinsa mene? Ni dai a ganina in ba ka da abin ɓoyewa ai ba ruwanka da ko ana leƙa wayarka.

Maman_Hanif: Wslm. Ba ka da abin ɓoyewa ko? To turo mana lambar sirrin wayarka mu duba hirarka da madam, hhhh.

Injiniya_Zariya: Malam, abin da ya faru shi ne, a watan Agustan 2016 aka turo masa saƙon tes wai ya danna wani link zai ga sirrin azabtar da fursunoni a gidajen yarin ƙasarsu, shi kuma dama an sha kai wa wayarsa hari sai jikinsa ya ba shi, bai danna ba, ya tura wa masu bincike na Citizen Lab a jami'ar Toronto, su ne suka gano manhajar leƙen asiri ce mai suna Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila. Da ya danna shikenan, kyamara, makirfo, WhatsApp duk sun zama na wani. Dole Apple suka yi gaggawar toshe ƙofar. Wato ya ceci masu iPhone na duniya, amma a 2017 aka kama shi, 2018 aka yanke masa shekara 10 saboda rubuce-rubucensa a soshiyal midiya.

Kuma kar ka ce sai Larabawa, a Amurka ma mai kamfanin imel na Lavabit, wanda Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka da ya fallasa sirrinsu, ya yi amfani da shi, rufe kamfanin ya yi a 2013 da hukuma ta matsa sai ya miƙa makullan sirri.

Bakatsine: Ba sai mun je nesa ba fa. 2021 da aka rufe Twitter a Najeriya ai har ministan shari'a ya yi barazanar gurfanar da masu ci gaba da shiga, alhali kowa ya san da VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum yake, ake ratsawa. Wallahi ranar ƙanina goge tasa ya yi, hannu na rawa, shi da ba ya komai sai gardamar ƙwallo.

Ɗan_Kurna: Tirƙashi. Maman Hanif kin gama da ni, ba zan turo ba. Injiniya, to ya mutum zai gane an shiga tasa wayar?