Taƙaitawa: shiga dashbod daga allon da ba a taɓawa

Na tattara abin da aka faɗa kan wannan tambaya: yaya talabijin ɗin bango da ke nuna dashbod (shafin da ke taƙaita bayanai), wanda ba shi da madannai ko linzami, zai shiga in an nemi suna da kalmar sirri?

1. Kowa ya yarda kada a bai wa allon asusun mai gudanarwa. A buɗe masa nasa, na kallo kawai.

2. Mafi yawa sun ce a cire shigar gaba ɗaya a cikin gida. Grafana (manhajar nuna dashbod) na barin kallo ba tare da suna ba, Home Assistant (manhajar sarrafa na'urorin gida) kuma na iya amincewa da adireshin IP (lambar na'ura a hanyar sadarwa) da aka ware. Sharaɗin dai a kafe wa allon adireshi ɗaya, kuma kada a iya kaiwa ga sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da dashbod ɗin, daga intanet.

3. A nan aka rabu. Wasu sun fi son a sa Nginx (manhajar da ke tsayawa tsakanin burauza da saba) a gaba, shi ya riƙa gabatar da allon ga dashbod a madadin kalmar sirri. Wasu suka ce wahala ce, a shiga sau ɗaya da madannai na USB, burauza ta riƙe. Aka tuna musu cewa Grafana, in ba a canza saitinta ba, tana fitar da mutum bayan kwana 30, sai a wayi gari allo na neman kalmar sirri. Ni ma na karkata ga masu son Nginx.

4. Saka mabuɗin sirri cikin adireshin shafi ya sha suka, domin yana zama a tarihin burauza da rajistar saba.

5. Masu Raspberry Pi (ƙaramar kwamfuta) sun ce burauzar Chromium a yanayin kiosk (shafi ɗaya ya cika allo) ya ishe su, muddin an saita shi ya buɗe da kansa in wuta ta dawo.